George Benson: barin jaz ya yi, ko gida ya koma?

Malam Audu: Jama'a, bari in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini rai. George Benson, mai kaɗa jitar jaz ɗan Amurka, ya yi watsi da baiwarsa saboda kasuwa. Mutumin da shahararren mai busa ƙahon jaz Miles Davis ya gayyata ya kaɗa jita a faifan Miles in the Sky a 1968, wanda aka zuba wa ido a matsayin magajin gwanin jitar jaz Wes Montgomery bayan rasuwarsa a wannan shekarar, shi ne ya ɓige da waƙoƙin soyayya da na rawa. Daga faifansa Breezin' na 1976 abin ya lalace.

Hauwa: Malam, da girmanka, amma Breezin' ba zai zama hujjarka ba. Kiɗa shida ne a faifan, ɗaya tak ya buɗe baki ya rera, wato This Masquerade. Sauran biyar jita ce zalla.

Malam Audu: Ɗayar nan ce ai ta jawo komai, Hauwa. Ita ta ci lambar yabo ta Grammy ta Record of the Year a 1977, kamfanin faifai na Warner ya ga inda riba take. Zuwa 1980 da Quincy Jones ya shirya masa Give Me the Night, ina jitar? Tana can baya kamar baƙuwa.

Kawu Ɗanladi: Audu, ka fara ba da labarin daga tsakiya. A Pittsburgh aka haife shi a 1943, kuma yana ɗan yaro ya fara shiga faifai, da murya ya shiga, yana rera salon waƙar baƙaƙen fatar Amurka da ake kira R&B. Jaz ɗin daga baya ya zo, lokacin da ya bi ƙungiyar Jack McDuff mai kaɗa ogan a farkon shekarun 1960. Shi ma kiɗan McDuff na gidajen rawa ne na unguwannin baƙaƙen fata, inda in mutane ba su motsa ba ka san ba ka yi komai ba. Wanda ya taso a haka, ka ce ya ci amana don ya rera waƙa?

Bashir: Kawu ya faɗi gaskiya. Ni ina koyon jita, kuma abin da ya fi ba ni wahala shi ne inda yake bin jitar da baki, kowane sautin da yatsa ya fitar murya na fitar da shi daidai, a lokaci guda, da gudu. Na yi wata biyu a kan ɗan guntun nan na This Masquerade, ina mayar da shi baya ina sake saurara, yatsuna har sun yi kanta. Jaz ne tsantsa ya cusa a cikin waƙar da rediyo ke sakawa.

Malam Audu: Ba na musun gwanintarsa, Bashir. Ita ce ma ta sa nake jin ciwo. Mawaƙan R&B masu daɗin murya sun yi yawa a Amurka, amma masu hannu irin nasa ba su cika cokali ba. Shekarun da ya ba waƙa, da jita ya ba, me za mu samu?

Hauwa: Kun samu ai. A 1989 ya yi faifan jaz na Tenderly tare da McCoy Tyner a fiyano, a 1990 ya yi faifai da ƙungiyar jaz ta Count Basie. A 2009 hukumar raya fasaha ta Amurka ta ba shi lambar gwanin jaz. Ni kuma ta Give Me the Night na san shi, a kaset ɗin babana, daga nan na bi baya har na iske Wes Montgomery.

Malam Audu: Tenderly kam na yarda, yana wajena. Amma shekara 13 ne tsakaninsa da Breezin', Hauwa, kuma su ne shekarun ƙarfinsa.

Kawu Ɗanladi: To ka ɗauko Weekend in L.A. na 1978, wanda aka ɗauka a gaban jama'a, ka saurari yadda yake kaɗawa tsakanin baitoci. Gobe mu ci gaba.