Haɗa kwamfuta ko sayen haɗaɗɗiya? Ga abin da na tsinta

Jama'a, ga taƙaitaccen abin da ya fito a wata hira da aka yi kan ko a haɗa kwamfutar gida da kai ko a sayi haɗaɗɗiya. Yawanci dai sun ce in aikinka bai wuce taifin, shiga intanet, kallon YouTube da karatun yara ba, to kar ka wahalar da kanka da haɗawa, kawai ka nemi tokunbo irin su Dell OptiPlex ko HP, na ofis ne an yi su don juriya, kuma da ka tsaya sayen madabod (allon da ake jona sauran kayan a kai) daban, furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) daban, wallahi kuɗin sai ya zarce tunda duk da dala ake shigo da su.

Masu son haɗawa su ma suna da hujja, kai ke zaɓar komai, abu ya lalace ka canza shi kaɗai. Amma wannan sai masu gem ko editin ɗin bidiyo.

Inda aka fi jan hankali shi ne RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) kar ta gaza 8GB, sannan lallai SSD (ma'ajiyar fayiloli mai sauri), ko da 256GB ce, don tsohon hard disk shi ke sa kwamfuta jan ƙafa. A duba furosesa ma, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun Oktoban 2025, shi kuwa Windows 11 a furosesan Intel sai daga zubi na 8 (8th Gen) zuwa sama, dan Allah kar a liƙa maka tsohuwa saboda araha.

Sai matsalar wuta, ni a nan na fi karkata. Destof (kwamfutar tebur) ba UPS (batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta) asara ce, ana ɗauke wuta aikinka ya tafi, shi ya sa da dama suka ce laftof ta fi mana. Ka sa a kunna a gabanka, ka gwada batir kafin ka biya.