Neman shawara: Na karanci ilimin dabbobi, raina yana daji, Kawu kuma yana jirana a Kwari

Assalamu alaikum. Admin don Allah a ɓoye sunana, akwai 'yan gidanmu a zauren nan.

Ni ɗan Kano ne, shekarata 26. Likitanci na nema, jami'a ta ba ni ilimin dabbobi, irin abin da ake yi wa da yawa. Na shiga da niyyar canja kwas a aji biyu, sai karatun ya shiga raina na zauna. Bautar ƙasa ta kawo ni wata sakandare a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi, ba nisa da gandun namun daji na Yankari. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yawancin ɗalibaina ba su taɓa shiga gandun ba, alhali mutane na tasowa tun daga Legas don su yi wanka a Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke cikinsa. Giwa kam sun san ta, amma a matsayin mai cinye musu gona cikin dare ɗaya. Na kafa musu ƙungiya, muna fita bayan la'asar muna rubuta sunayen tsuntsaye, har muka tara kuɗin mota muka shiga gandun. Yaron da a da ba ya rabuwa da danƙo, yanzu shi ke riƙe mana littafin.

To ga hidimar ta kusa ƙarewa. Kawuna yana da shago a Kantin Kwari, ya ce in dawo ya ɗora ni a kan shadda, bayan shekara biyu ya sallame ni da jari. Hajiya ta sa albarka tun kafin a tambaye ni. Ga maganar aure: baban yarinyar ya aiko a ji sana'ata, yayana ya rasa ta cewa, ya ce musu malami ne.

Ni abin da nake so shi ne in ƙare rayuwata a aikin kare namun daji da koyar da yara sanin su. Shin akwai wanda ya riƙe gida da wannan aikin a Arewa? Ina ake bi? Me zan ce da Hajiya?

Maman 'Yan Biyu: Ƙanena, Allah ya ba ka kawu mai zuciya kana neman giwa? Masu digiri nawa ne ke zaune a bakin layi? Ka kama shagon nan da hannu biyu. In ka yi kuɗi ka kai matarka Yankari hutu.

Tsohon Malamin Daji: Yaro, ni a aikin nan na tsufa, ba sai na faɗi gandun ba. Bari in fara rage maka zumuɗi. Kana zaton kullum zaki za ka riƙa gani. Sai ku yi mako kuna sintiri da ƙafa, abin da za ku gani sawu ne da kashi, da tarkon waya, da shanun da aka shigo da su cikin dare. Tsando ya cije ka, ruwan da dorina ta dama shi za ka tace ka sha. Maharbi kuma ba ya tambayar ko kai mai digiri ne kafin ya ɗana. Na yi jana'izar abokan aiki. Akwai shekarun da alawus ɗinmu yake maƙalewa wata da watanni, matata ce ta riƙe gidan da sayar da ƙuli. Ka kuma san halin da gandun Kamuku ke ciki a Birnin Gwari, da wasu sassan Kainji. Yanzu akwai dazukan da ba maharba ake tsoro ba.

Shi kansa Yankari da ka gani ya sha hannu. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓa a 1991, ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. Daga 2014 WCS, wata ƙungiyar kare namun daji ta ƙasa da ƙasa, ta shigo cikin harkar tsaron, kisan giwaye don haure ya ja baya sosai. Kiyasin da ake faɗa giwaye 100 zuwa 150 suka rage, a daji mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, zakuna kuwa 'yan kaɗan ne. A 2021 ɗaya daga cikin masu gadin wurin, Suleiman Saidu, ya karɓi lambar yabo ta Tusk, ƙungiyar kare namun dajin Afirka, a Landan. Mun ji daɗi ƙwarai, don da ba a san da irinmu ba. Sai dai lambar yabo ba ta sayen buhun masara.

Duk da haka ban ce ka tafi Kwari ba. Mafi yawan aikin nan ba da dabba ake yin sa ba, da mutane ne: mai gari, arɗo, sarkin baka, manomin da aka yi wa ɓarna. Na kama maharba ba adadi, kotu ta ci su tara, kafin wata ya zagayo sun koma. Wanda na san ya ajiye bindiga da gaske, ɗansa ne ya dawo daga makaranta ya dame shi da magana. Abin da kake yi da yaran nan bayan la'asar, mu da bindigoginmu ba mu iya shi ba. Kada ka ɗauka sai ka sa kaki ka fara aikin.

Ɗan Sabon Gari: Baban yarinya: mene ne sana'arka? Kai: ina ƙirga kashin giwa. Wallahi ko goro ba za su karɓa ba.

Dakta (malamar jami'a): Ɗan Sabon Gari, da wannan kashin ake kiyasta yawan giwaye a dajin da ba a iya hango su, kuma akwai masu karɓar albashi a kansa.

Ƙanena, hanya akwai, sai dai siririya ce. Ka fara duba APLORI, cibiyar nazarin tsuntsaye da ke Laminga kusa da Jos, a gefen dajin Amurum. Tare da Jami'ar Jos suke ba da digiri na biyu a fannin kare halittu, ɗalibai kaɗan suke ɗauka daga ƙasashen Afirka ta Yamma, kuma sukan tallafa musu. Da yawa daga cikin masu riƙe da wannan fanni a Najeriya yau ta nan suka bi. Kafin ka nema ka gyara abu biyu: lissafin ƙididdiga a kwamfuta, da rubuta rahoto da Turanci mai kyau. Littafin nan da ɗalibanka ke cikawa kada ka bar shi ya ɓata. Ka sa kwanan wata da wuri a kowane shafi, shi ne shaidarka ranar ganawa.

Wuraren aiki su ne Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa, wadda ma'aikatanta masu kaki ne, WCS, gidauniyar kare halittu ta Najeriya (NCF), wadda ke aiki tun farkon shekarun 1980, da ƙungiyar ANI da ta shiga kula da gandun Gashaka-Gumti a 2017. Akwai kuma kwalejin tarayya ta kula da namun daji a New Bussa. Ka sani aikin ƙungiyoyi na kwantiragi ne, in kuɗin shiri ya ƙare sai a sake rubuta takardar neman wani. Shi ya sa mafi yawanmu muke da ƙafa ɗaya a aji: albashin koyarwa ya riƙe gida, tallafi irin na gidauniyar Rufford ya riƙe bincike. 'Yar Najeriya Rachel Ikemeh ta ci kyautar Whitley ta masu kare halittu a 2020, Iroro Tanshi mai nazarin jemagu ta ci a 2021. Ba daga sama suka faɗo ba, da ƙananan ayyuka suka fara.

Abin da ya daɗe yana ci mini rai: manyan gandayen nan a Arewa suke, amma sau da yawa mai binciken sai an yi masa tafinta kafin ya gaisa da mai gari. Kai ba ka bukatar tafinta. Kada ka raina wannan.

In kuma Hajiya ta ƙi daji ƙememe, fanninmu bai ƙare a gandu ba. Akwai masu aiki a kan tsando da cutar sammore a cibiyar bincike ta Kaduna, akwai masu aiki a kan kububuwa da saranta, wanda asibitin Kaltungo ke fama da shi duk lokacin shuka da girbi.

Manomi Ne Ni: Ku 'yan boko kun iya tsara zance. Gonata tana gefen wani gandu. Shekarar da dawa ta fi kyau, garke ya shigo bayan isha, kafin asuba ko na baki ba su bar mana ba. Mun kwana muna kaɗa garwa muna ƙona tayoyi. Aka zo da mota aka ɗauki hoto aka tafi, har yau ko kwabo. In na harbe ta ni ne ɗan kurkuku, in ta tattake ni sai a ce ƙaddara. Malam mai tambaya, in ka koya wa ɗana son giwa, me zan ba shi ya ci?

Dakta: Baba, gaskiya ka faɗa, kuma duk mai wannan aiki da bai iya zama ya saurare ka ba, ya nemi wata sana'a. Akwai dabaru: a Kenya an gwada jera amya a gefen gona saboda giwa na gudun zuma, wasu na amfani da hayaƙin barkono, ana kuma sa wa wasu giwaye abin wuya mai na'ura don a san inda garke ya dosa a sanar da ƙauye. Suna rage ɓarna, ba su kawar da ita. Maganar diyya kuwa haƙƙinku ne ku nema.

Ɗan Nguru: Abokina, wa ya ce dole ɗaya za ka zaɓa? Ni kayan waya nake sayarwa, amma Lahadi ba ta same ni a shago. Muna fita da 'yan Arewa Atlas Team, masu tattara bayanan tsuntsaye don taswirar tsuntsayen Najeriya, da waya da madubin hangen nesa kawai. Da hunturu ka zo fadamar Dagona a Yobe ka ga tsuntsayen da suka ƙetaro Sahara daga Turai, ka kuma ga yadda kacalla ta toshe mana hanyoyin ruwa.

Ko Kanon ma akwai aiki. Yaushe rabonka da ganin ungulu a mahauta? Muna yara ba a iya ƙirga su. An ƙarar da su da guba da farauta saboda masu tsubbu na sayen kai da ƙafa, tun 2015 aka sa irin tamu ta gari a jerin masu dab da ƙarewa. A Indiya wani maganin shanu ya kashe musu ungulaye a shekarun 1990, mushe ya yi yawa, karnuka suka ƙaru, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Wa ke faɗa wa mahauta da masu maganin gargajiya wannan da Hausa? Ga gidan zu na Audu Bako, makarantu na kai yara suna zagayawa suna cin alawa su fito. Ka bi su ka yi musu bayani.

Na Maraɗi: Sannunku 'yan uwa na Najeriya. Mu nan raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, sun ragu har zuwa 49 a 1996. Yau sun haura 600, kuma ba a cikin shinge suke ba, cikin gonakin mutane suke yawo suna cin wake. Abin da ya cece su, an hana harbi, aka kuma sa mutanen ƙauyukan suka ga amfani: rance, rijiyoyi, aikin yi wa baƙi jagora. A 2018 aka ɗebi 8 aka kai gandun Gadabeji a jiharmu. Amma ka ji ɗaya gefen: a watan Agusta na 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a Kure, Faransawa 6 da direbansu da jagoransu. Baƙi suka ɗauke ƙafa, masu jagora suka rasa abinci. In kana jin Faransanci, makarantar namun daji ta Garwa a Kamaru tana horar da mutane tun 1970.

Malam Na Zaure: Ɗana, aikin halal ne, har da lada in niyya ta yi kyau. Aya ta 38 a Suratul An'am ta ce dabbobi da tsuntsaye al'ummai ne kamarmu. Amma kada ka fita mahaifiyarka tana kuka. Kada kuma ka tare ta da dogon Turanci. Ka sami wanda take jin nauyinsa, ku je tare, ka zo da wa'adi da lissafin abin da za ka riƙa samu. Surukai kuwa yayanka bai yi ƙarya ba, malami ne kai.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Shugaban makarantar ya taɓa yi mini tayin in zauna in ci gaba da koyarwa, kuɗin kaɗan ne amma akwai ɗaki. Tunanina yanzu in roƙi Kawu ya ba ni shekara ɗaya in nemi Jos, in ba a dace ba in dawo Kwari in bi hanyar Ɗan Nguru. Gwaggona zan ɗauka mu je wurin Hajiya. Maganar Baba manomi ce ta hana ni barci, don iyayen ɗalibaina irinsa ne, kuma ban taɓa zama da su a kan wannan ba.

Maman 'Yan Biyu: Shekara ɗaya fa ka ce, mun rubuta. Kuma ka faɗa wa yarinyar mutane gaskiya tun yanzu, ta san ko za ta iya zaman Alkaleri.

Tsohon Malamin Daji: Yaro, kada ka jira Jos kafin ka zauna da manoman. Giwaye sun fi fitowa in amfani ya nuna, daga ƙarshen damina zuwa kaka. Ka fara gaida mai gari, ka ce kana so ka kwana a gona tare da masu gadi. Ka tafi da tocila mai ƙarfi da takalmi mai rufe idon sawu saboda maciji. Ka auna abin da aka ɓata, ka rubuta sunan mai gona da ranar, ka ba shi kwafi ɗaya ya ajiye. In garke ya shigo kada ka matsa don ɗaukar hoto, musamman in akwai 'ya'ya a ciki. Admin ya ba ka lambata, ka kira ni bayan magariba.