Bayanan SCADA (tsarin kwamfuta mai sa ido kan inji) kaɗai za su iya nuna lalacewar akwatin giya kafin injin iska ya tsaya?

Tambaya:
Assalamu alaikum. Injin iska mai samar da wutar lantarki yana ajiye matsakaicin alƙaluma duk minti 10: ƙarfin iska, wutar da ya fitar, zafin mai da na boris. Da waɗannan kaɗai, ba na'urar auna girgiza, za a iya gane borisin akwatin giya ya fara ci?

Amsa ta 1:
Wa alaikumus salam. Ana iyawa, amma kada ka zauna jiran ƙararrawar zafi, kafin ta buga aikin gama ya gama. Ɗebo bayanan shekara guda da injin yake lafiya, yadda bazara, damina da hunturu duk za su shiga. Zubar da layukan da injin yake tsaye, ko aka rage masa wuta da gangan, ko sensa, wato na'urar awo, ta maƙale a lamba ɗaya. Sai ka koya wa kwamfuta hasashen zafin boris daga wutar da ake fitarwa, gudun juyawa da zafin waje. Abin lura shi ne tazarar hasashe da ainihin awo. Tsallen yini ɗaya ba komai ba ne. Tazarar da ke hawa makonni, ko digiri kaɗan ne, ita ce maganar.

Amsa ta 2:
Ƙari kan bayanin Malam: wasu na saka zafin borisin na minti 10 baya cikin lissafin hasashen. Hasashen zai yi kyau a ido, amma sai ya riƙa bin cutar, tazarar ta ɓace.

Sannan ƙura. A wuri irin Lambar Rimi ta Katsina, mai injina 37 masu kilowat 275, hazon hunturu kan iya toshe lagireto, mai ya ɗau zafi alhali boris lafiya lau. Kwatanta da injinan maƙwabta. In duk sun hau tare, wankin lagireto ake bukata. In guda ne, shi za a bincika. An canza mai ko sensa? Sake koya wa kwamfutar.

Amsa ta 3:
Ɗan'uwa, zafi a makare yake zuwa. Sandar da ke shiga janareta na juyi wajen 1,500 a minti, matsakaicin minti 10 kuwa yana binne bugun ƙaramar tsaga a boris. Na'urar auna girgiza ce ke fara gani. In ba kuɗin na'urar, da tazarar ta hau a ɗebi man giya a kai awo, a duba filta ko akwai ɓurɓushin ƙarfe, sannan a zura kamara cikin akwatin.