Dan Allah masu sani, da gaske ana cin abinci da sayar wa mujallu hoto da rubutu?

Ɗan Fadama:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar nan. Ni ina wani ƙauye ne ta wajen Kirikasamma, sana'ata ɗaukar hoto, biki, suna, saukar Alƙur'ani, sai fasfo idan ana rajistar wani abu, da damina kuma ina gona kamar kowa. Kyamarata Canon ce ta hannu da ɗan gilashin da take zuwa da shi, 18-55. Matsalar yanzu kowa da wayarsa, biki guda sai ka ga yara goma suna ɗauka, aikin ya ragu sosai wallahi.

To na ji ana cewa akwai masu yawo suna ɗaukar wurare su haɗa da rubutu su sayar wa mujallun waje a biya su da dala. Mu nan fadamar Baturiya kusa take da mu, lokacin hunturu tsuntsaye har daga Turai suke sauka a fadamar, ga masunta ga kwalekwale ga kasuwar kifi ta Haɗeja, duk ina da hotunansu a memori suna zaune kawai. Turancina ba laifi, na yi NCE. Ta ina ake farawa? Wa ake tura wa? Kuma kuɗin ta yaya yake isowa mutum a ƙauye? Allah Ya saka da alheri.

Mai Kyamara Wudil:

Wa alaikumus salam ƙanina. E ana samu, ni kaina na taɓa karɓa kuma ina karɓa jefi-jefi, amma bari in gyara maka wani abu tun yanzu. Edita ba kyakkyawan hoto yake saye ba, kyakkyawan hoto ya cika intanet, da yawa ma kyauta. Labari yake saye, wanda ba shi da mutumin da zai tura ya ɗauko masa. Wanda yake zaune a Landan ko Doha idan zai aiko ma'aikacinsa Kirikasamma sai ya biya jirgi da otal da mota da tafinta, kuma duk da haka baƙon kwana biyu zai yi ya tafi, masunci ba zai saki jiki da shi ba. Kai kuwa ka san sunan sarkin ruwa, ka san ranar da ake fita su, za ka iya komawa gobe idan hazo ya ɓata maka na yau. Wannan shi ne jarinka.

Maganar tsuntsaye ka ɗan ajiye ta tukuna. Da 18-55 tsuntsu zai fito maka ɗan ɗigo a tsakiyar ruwa, masu wannan aikin dogon gilashi suke amfani da shi, milimita 300 ko 400 zuwa sama, kuma kuɗinsa ya fi na kyamararka. Amma ga labari a ƙofar gidanku da gilashinka zai iya: kacalla. Ciyawar nan ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru, ta cinye gonakin mutane, ta hana kwalekwale wucewa, tsuntsun nan jan baki kuma ya samu wurin kwana a cikinta yana fitowa ya far wa shinkafa. Ka samu manomi ɗaya da ya rasa gonarsa, masunci ɗaya da ya sauya hanya, da mutanen gari ranar da suka fito aikin gayya da lauje da adda ruwa har ƙirji suna sara. Ka ɗauki hannunsu kusa-kusa inda kaifin ganyen ya yanyanka, ka ɗauki yaron da ke kan dakali a gona yana kaɗa gwangwani yana korar tsuntsu, sannan ka nemi tudu ka ɗauki faɗin wurin gaba ɗaya. Hoto 12 zuwa 15 da rubutu kamar kalma 800 zuwa 1,200, ka ga labari ya tashi.

Yadda ake yi kuma, ba ka rubuta duka ka tura. Imel kake yi gajere, sakin layi uku ya isa: mene ne labarin, me ya sa yanzu, me ya sa kai ne za ka iya kawo shi. Sai ka maƙala hoto biyar ko shida ƙanana don ya ga hannunka. Kafin nan ka karanta mujallar sosai ka ga irin abin da take bugawa, yawancinsu suna da shafin da suka rubuta ƙa'idar karɓar aikin 'yan waje. Ka duba AramcoWorld, su al'adu da tarihin ƙasashen Musulmi suka fi so, ka duba sashen hotuna na Al Jazeera ta Turanci, da BBC Travel, da Atlas Obscura masu son wuraren da ba kowa ya sani ba, irin zanen shanun nan na jikin dutse a Birnin Kudu. Akwai Travel Africa ma ta Ingila. Mujallun cikin jirgin sama da can suna saye sosai amma korona ta 2020 ta kashe da yawansu. Kar kuma ka raina na gida, idan Aminiya ko Daily Trust suka buga maka ko da abin da za ka samu bai taka kara ya karya ba, ka samu abin nunawa, don editan waje abu na farko da zai tambaya shi ne ina aka taɓa buga ka.

Shiru za ka fi samu. Ka jira mako biyu ka sake taɓa shi sau ɗaya cikin ladabi, in bai amsa ba ka kai wa wani.

Abban Sadiya Gumel:

Ni dai shawarata kar ka bar gona, kar kuma ka bar hoton biki. Malam na Wudil ya faɗi gaskiya amma bai faɗa maka tsawon jiran ba. Mujallar takarda tana tsara abin da za ta buga wata uku zuwa shida gaba, kuma da yawa sai an buga sannan a fara lissafin biyanka, wato aikin da ka yi da sanyi ba mamaki kuɗinsa ya zo ana shuka. Mai iyali ba zai ci da wannan ba.

Sannan za ka ji yara suna cewa ka zuba hotunanka a Shutterstock, shafin sayar da hotuna a intanet, kana barci dala tana shigowa. Tun 2020 suka sauya tsarin biyansu, mai hoto yana samun kashi 15 zuwa 40 cikin ɗari, kuma sabon shiga sau da yawa santi 10 yake samu idan an sauke hotonsa sau ɗaya. Yi lissafi, kafin ka haɗa dala 10 sai an sauke sau 100. Adobe Stock suna ba da kashi 33, kuma sai ka tara dala 25 za ka iya cira. Ga kuɗin data na ɗora manyan hotuna, a inda sabis sai ka hau tudu. Ban ce kar ka yi ba, hoton Arewa da ɗan Arewa ya ɗauka ba shi da yawa a can, amma ka zuba ragowar da mujalla ba ta ɗauka ba, na ƙwarai ka riƙe su.

Malama Ummi Kazaure:

Sannunku da ƙoƙari. Ɗan Fadama ƙanina, ni ba hoto nake ba, rubutu nake ɗan taɓawa bayan na taso makaranta, to abu biyu zan ƙara.

Na farko mutane. Dan Allah kar son dala ya sa ka ɗauki matar wani tana bandar kifi ko yarinya tana talla ka watsa ba tare da an sani ba. Baƙo zai yi ya hau mota ya tafi, kai a garin za ka kwana kuma da su za ka yi sallah. Ka fara zuwa wajen mai unguwa ko dagaci ka yi bayani, idan cikin gida ne ka nemi izinin maigida sannan ita ma matar ka tambaye ta da bakinta, in ta ce a'a shikenan. Yara sai da yardar iyayensu. Ka faɗa musu ƙarara cewa hoton zai iya fita a jarida duniya ta gani. Ko su kamfanonin sayar da hoton ba sa karɓar fuskar mutum don talla sai da takardar amincewa da ya sa wa hannu, na labari ne kawai ake bari babu ita, to amma mu ba dokar kamfani ce kaɗai ta ɗaure mu ba. Kuma idan aka buga ka wanko musu kwafi ka kai, abin yana yi musu daɗi fiye da yadda kake zato.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda ake nuna mu. Duk wanda ya zo daga waje almajiri da roba yake nema, ko ambaliya, kamar ta 2022 da aka yi ta yawo da hotunan gidajenmu a ruwa. Gaskiya ne ya faru, ba a ɓoye shi. Amma ina masu rinin Kura da turkuɗinsu yake tafiya har wajen Buzaye? Ina matan da ke ɓarar zoɓo a Jigawa wanda ake lodinsa zuwa ƙasashen waje, ina dabinon Dutse? Hawan sallar Kano UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, kowa can zai nufa da kyamara, alhali masarautu biyar ne a Jigawa, Dutse, Haɗeja, Gumel, Kazaure da Ringim, kowacce da nata hawan, kuma ba wanda yake bin mai ɗinkin kayan doki zuwa rumfarsa kafin sallah ya ga yadda aikin yake.

Na biyu rubutun. Kar ka tsorata da Turanci, gajerun jimloli masu gaskiya sun fi manyan kalmomi, edita zai gyara nahawu amma ba zai iya ƙirƙiro abin da ba ka tambayo ba. Ka riƙe ɗan littafi, duk wanda ka ɗauka ka rubuta cikakken sunansa yadda yake so a rubuta, sana'arsa, garin, ranar. Nawa kwandon kifi yau, nawa yake bara, ƙarfe nawa ya fito. Kowane hoto sai da bayaninsa a ƙasa, waye, a ina, yaushe, me yake yi. Kuma kar ka sa wa mutum maganar da bai faɗa ba don ta yi daɗi, manyan mujallu suna bincikawa.

Ɗan Fadama:

Kai na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara sani. Malama wallahi maganarki ta shige ni, akwai wani dattijo masunci maƙwabcinmu da kacalla ta raba shi da wurin da yake su tun yana yaro, da shi zan fara idan ya yarda. Yaya na Wudil saura maganar kuɗin ba ka taɓa ba, kuma idan sun saya shikenan hoton ya zama nasu? Sannan ina tunanin zuwa Maigatari ranar Alhamis in ɗauki raƙuma, akwai abin da zan kiyaye?

Mai Kyamara Wudil:

Kuɗi hanya biyu ce mafi sauƙi. Ka buɗe asusun dala a bankinka, akwai bankuna a Haɗeja, za su nemi BVN da NIN, mujalla sai ta turo kai tsaye. Ko ka buɗe Payoneer, wato asusun karɓar kuɗin waje ta intanet, kamfanonin hoto da yawa ta nan suke biya, daga can ka juyo zuwa asusunka na naira. Sunan da ke kan asusun ya zama daidai da na katinka harafi da harafi. Duk wanda ya ce ka fara biyan kuɗin rajista kafin a buga aikinka ɗan damfara ne, mujalla ita ke biya.

Hoton kuma naka ne tun lokacin da ka danna, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta kare hoto shekara 50 daga fitowarsa, ba sai ka yi rajista ba. Abin da kake ba su izinin amfani ne, kamar ka ba da hayar gona na damina ɗaya, gonar tana nan taka. To ka karanta takardar da za su turo, idan an rubuta bugu ɗaya ko na wani lokaci, madalla, bayan nan ka sayar wa wani. Idan an rubuta duk haƙƙi har abada to sayarwa ce, ko kuɗin ya ƙaru ko ka roƙi a sauya layin, kuma ana sauyawa idan ka tambaya. Ka tambayi nawa ne, yaushe za a biya, da abin da za a ba ka idan sun sa ka aiki suka fasa bugawa, duk a rubuce a imel kafin ka hau babur.

Ka saita kyamarar a RAW, wato hoton da ba a matse ba, ko mafi girman JPEG, cikakken shafin mujalla yana son kusan 2,500 da 3,500 na ɗigon hoto, taka za ta iya. Kar ka taɓa tura na bugawa ta WhatsApp a matsayin hoto, matse shi yake yi, ka ɗora a Google Drive ko WeTransfer ka ba su hanya. Ka ajiye kwafi wuri biyu don memori yana mutuwa ba sallama.

Maigatari ka kwana kusa ka shiga da sassafe kafin rana ta take, lokacin ana sauke dabbobi ƙura tana tashi haske yana ratsa ta. Ka fara gaida shugabannin kara da dillalai ka faɗi abin da ya kawo ka, kar ka ɗauki mutum yana ƙirga kuɗi. Bakin iyaka ne, kar ka nuna kyamara wajen shingen jami'an tsaro ko ofishinsu, kuma ko wani ya ara maka jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi kar ka tayar, sai da izinin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ka naɗe kyamarar a leda cikin jaka idan ba ɗauka kake ba, kar ka cire gilashin a fili saboda ƙura. Ka bi dillali ɗaya daga safe har a sallama raƙumi, ka tambaye shi daga ina aka koro shi, kwana nawa a hanya, wa ya saya kuma ina za a kai shi. Idan ka dawo turo min guda 20 ta akwatin saƙo mu zaɓi na tura wa edita tare.