Dan Allah a taimaka, na maƙale wajen kwashe data daga SCCM 2012 zuwa sabon Configuration Manager

Abu Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wallahi kwana uku ban yi barcin kirki ba. Ina aiki a wani kamfani nan Kano, muna da rassa a Kaduna da Gusau, kwamfutoci wajen 600. SCCM 2012 R2 (manhajar Microsoft ta kula da kwamfutocin kamfani daga wuri ɗaya, wato Configuration Manager) muke amfani da shi, wanda ya kafa shi ya bar aiki tun kafin korona bai bar ko takarda ɗaya ba, ni da aka ɗauka don gyaran firinta da jan waya sai aka wayi gari an ce ai kai ne mai saba (server) yanzu, ba ƙarin albashi ba komai, kuma in wani abu ya lalace ni ake kira ko ranar Juma'a ce. To na kafa sabuwar saba da sabon Configuration Manager, na haɗa ta da tsohuwar, manhajoji da kalekshan (rukunan kwamfutoci) sun wuce amma wasu fakej (ƙunshin fayilolin da ake tura wa kwamfutoci) sun ƙi, kuma tarihin kwamfutocin gaba ɗaya babu shi a sabuwar. Ga odita na zuwa ƙarshen wata yana son bayanin shekara uku, ni kuma na riga na ce wa oga za a kashe tsohuwar kafin nan. Ya zan yi?

Injiniya Zariya:
Wa'alaikumus salam. Ƙanina tun farko ka ɓata hanya. Wa ya ce ka kafa sabuwa? Ɗaga tsohuwar za ka yi zuwa sabon bashan a inda take, databes ɗinka na nan, tarihinka na nan, ba ka taɓa kwamfuta ko ɗaya ba. Na yi wannan aikin ya fi sau goma. Ita waccan hanyar ta ƙaura ba ta ɗaukar tarihin inbentori (bayanin abin da ke cikin kowace kwamfuta), ba ta ɗaukar rahotannin da kuka haɗa, haka aka gina ta, ko shekara za ka yi kana dannawa ba zai zo ba. Goge sabuwar ka koma.

Abu Sadik:
Ranka ya daɗe ba wai ban yi tunanin haka ba. Tsohuwar Windows Server 2012 R2 ce a kai, ɗaya daga cikin hadis (hard disk) ɗinta jar fitila yake nunawa tun azumi, duk sanda aka ɗauke wuta sai na yi ta addu'a kafin ta tashi. A kan wannan zan ɗora sabon abu?

Maman Ilham:
Malam Abu Sadik ba ka faɗa mana ba, akwai SP1 (ƙunshin gyare-gyare na farko) a kan 2012 R2 ɗin? Kuma kana da bakof na databes? Fakej ɗin da suka ƙi, buɗe migmctrl.log (fayil ɗin da ke rubuta yadda ƙaurar take tafiya) ka gani, sannan ka duba inda aka ce fayilolinsu suke. In wancan mutumin ya rubuta D:\ kaza maimakon \\sunan-saba\folda to sabuwar za ta je nema a cikin nata D ɗin ne ba za ta samu komai ba. Gyara hanyar a tsohuwar, ka sa ta sake tattaro bayani, in ba haka ba sai ka jira awa 4 da take yi da kanta, sai ka sake turawa.

Ɗan Gusau:
Hmm jar fitila. Mu namu sai da ya mutu murus kafin aka sa hannu a takardar sayen sabo, wata bakwai ina rubuta memo, da ya mutu kuma ni aka ba kwiri. A ƙasar nan mai IT kaman mai gadi ne, ba a tuna ka sai an yi sata. Allah ya fitar da mu kawai.

Injiniya Zariya:
Hajiya duk wannan gyaran fakej ɗin wahalar banza ce. Ya ɗauki bakof, ya mayar da sayit ɗin SCCM ɗin a kan sabon ƙarfe da suna iri ɗaya, ya ɗaga. Shikenan. Yaran yanzu ba sa son jin magana.

Maman Ilham:
Injiniya a yi haƙuri, amma an rufe wannan ƙofar, daga bashan 2303 na Configuration Manager ba a ɗaga 2012 kai tsaye, sai ya nemo 2203 ya bi ta nan tukuna. Ita kanta 2012 ɗin tun Yuli 2022 Microsoft suka daina kula ta, Windows ɗin da ke ƙarƙashinta kuma Oktoba 2023. In ta tsaya a tsakiya wa zai kira?

Injiniya Zariya:
Ni zai kira. To ya nemo 2203 ɗin mana, abin wuya ne?

Baban Amira:
Ni ban gane dalilin wannan wahalar ba, ku koma Intune (na Microsoft mai kula da kwamfutoci ta intanet) ku huta da saba gaba ɗaya.

Ɗan Gusau:
Da wane kuɗin? Lasisi da dala ake biya malam, kai da ganin ka Abuja kake. Mu reshenmu ko imel sai ka fita bakin taga.

Abu Sadik:
Intune ba zai yiwu ba oga ba zai biya ba. Kuma ni gaskiya ba zan goge sabuwar ba, sati biyu na yi a kanta har Asabar da Lahadi, kwamfutoci 40 na ofishin Kaduna ma na riga na mayar da su can kuma lafiya lau suke aiko bayani. Tarihin nan kawai nake so ya biyo su.

Maman Ilham:
Ba zai biyo su ba ɗan uwa, abin da suke aikowa daga ranar da suka koma ne. Abin yi shi ne ka ajiye tsohon databes ɗin a wani SQL Server daban don karatu kawai, ka fitar da rahotannin, odita ya duba can. Amma tsaya ma, ka tabbata shekara ukun nan akwai ta? Akwai wani aikin shara da yake goge tsohon tarihin inbentori, in ba a taɓa shi ba kwana 90 yake bari. Sabon ne yake da rumbun ajiya na daban mai riƙe shekara uku, shi ma sai ka kafa shi.

Abu Sadik:
Innalillahi. A'a ina ganin akwai, databes ɗin babba ne sosai ya kusa cika hadis.

Injiniya Zariya:
Girma ba hujja ba ne. Amma ko kwana 90 ɗin ne, ta hanyata ba ya rasa su. Kuma ka kula da iyakokin netwok, in tsohuwar da sabuwar duka suna raba kwamfutoci a IP ɗaya za ka ga wasu sun koma inda ba ka aike su ba. Ka kira ni da daddare.

Maman Ilham:
Har yanzu ba ka amsa maganar bakof ba fa.

Abu Sadik:
Akwai wata folda da wancan ya bari an rubuta bakof a jiki, ban buɗe ba dai. Yanzu in na ce wa oga a bar tsohuwar a kunne zuwa wata mai zuwa me zan ce masa ne dalili, don na riga na ce masa an gama kashi 90

Ɗan Gusau:
Ka ce masa matsalar wuta ce.