Abin da aka tattara kan walda a gida

Jama'a tattaunawar tayi tsawo, ga abin da na tsinta don wanda bai bi ba.

1. Kowa ya yarda kar a kalli wutar walda da ido tsirara ko da baƙin tabarau na kasuwa, a nemi garkuwar fuska ta walda. In ido ya kama raɗaɗi da dare kamar an zuba yashi, wasu sunce a ɗiga madara, amma mafi yawa sunce a'a, a je asibiti, kuma nima nan na tsaya.

2. Tankin mai ko durom da ya taɓa ɗaukar fetur kar a taɓa shi da wuta ko da babu komai ciki, tururin ne ke fashewa. Nan ba wanda ya musa.

3. Ƙarfe mara kauri a sa masa sandar walda geji 12 (geji lambar kaurin sanda ce, 12 ta fi 10 siriri), mai kauri geji 10, a kankare tsatsa da fenti tukunna.

4. Wajen inji aka rabu, masu inbata (ƙaramin injin walda na zamani) sunce ba nauyi kuma baya cin wuta sosai, masu tiransifoma ta naɗin gida sunce tasu tafi juriya kuma ko ta ƙone ana sake naɗa ta.