Shago uku da sito ɗaya: wace manhajar ERP zan ɗauka?

Abban Ummi: Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan masarufi a kasuwar Singa, shago uku da sito ɗaya a Sharaɗa. Lissafin sito da na shago ba sa taɓa haɗuwa, bashin 'yan sari kuma a warwatse yake cikin littattafai. An ce da ERP, wato manhajar da ke haɗa lissafin kasuwanci wuri ɗaya, yaro na yanke rasit kaya za su ragu a sito, kuɗi ya shiga lissafi, bashi ya hau sunan mai shi. Tsakanin Odoo da ERPNext, wanne ya dace da mai ma'aikata tara?

Mai Atamfa: Alhaji, SAP kawai. Na Jamus ne, manyan kamfanoni shi suke amfani da shi.

Baban Khalifa: Ni dai na sha wuya. Wani yaro ya ɗora min ERP, na biya miliyan biyu. Bai ƙirga kayan sito ba kafin a fara, tsohon littafi ya kwafe da duk kurakuransa. Kwamfuta ta ce akwai katan 400 na taliya, na karɓi kuɗin mutum, aka je ɗauka babu ko rabi. Ya kuma bai wa kowa damar goge rasit da sauya farashi. Sai da mai ajiya ya tafi muka gano ɓarnar. Yaron kuwa ya daina ɗaga waya.

Hajiya Akanta: Allah Ya mayar da alheri. Amma wannan laifin mai ɗorawa ne. Ana raba izini: mai sayarwa ba ya goge rasit, odar sayayya sai maigida ya amince, kowane ɗan sari da iyakar bashinsa. Harajin VAT na kashi 7.5 ma da kanta take cirewa.

Ɗan Kwamfuta: Miliyan biyu? ERPNext kyauta ce, 'yan Indiya suka yi ta. Dubu 300 na ɗora wa wani.

Hajiya Akanta: Kyauta ban da saba (kwamfutar da za a ɗora ta a kai), da koyar da yara, da gyara. Odoo ma tana da ta kyauta, ɗayar kuma kowane ma'aikaci sai an biya masa duk wata.

Baban Khalifa: Ɗan Kwamfuta, irinku ne ai. Ka taɓa sayar da ko ashana?

Ɗan Kwamfuta: Baba, ba ni na ci kuɗinka ba.

Sarkin Dariya: Kakana da carbi yake lissafi, bai taɓa cewa sabis ya ɗauke ba 😂

Mai Atamfa: Ai sabis ɗin ne bala'i. Jiya tun azahar POS ya ƙi aiki, an cire wa mata biyu kuɗi, ni bai shigo min ba. Ga wuta babu, man janareta ya cinye ribar. Wa ya san mai haɗa sola na kirki a kusa da Kwari?